Wa Ya Ga Sarauniya a Yaƙin Lugu?

Yaron da ke karatu a koleji a Dogon Dutsi, ko Matankari, ko Tibiri, ba sai an gabatar masa da Sarauniya Mangu ba. Ya sha jin sunanta. Akwai babbar makarantar sakandare a Doso mai ɗauke da shi, akwai gidan rediyo da talabijin a Yamai da ake kira Saraounia, kuma ranar da aka zo darasin shigowar Nasara da turjiyar da aka yi musu, malami zai rubuta ta a allo cikin jerin jarumai. Abin da ba kasafai ake gaya wa yaron ba shi ne, labarin da yake haddacewa domin jarrabawar BEPC guda ne cikin labarai da dama, kuma ba su yarda da juna ba. Garin da abin ya auku kuwa, Lugu, yana nan cikin ƙaramar hukumar Dan Kasari, a gundumar Dogon Dutsi. Wani ɗan ajin ma daga can kakanninsa suka fito.

Abin da kowa ya amince da shi bai da yawa. A farkon shekarar 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga Sansanin Hausa, a bakin kogin Kwara, ta nufi gabas da niyyar isa tafkin Chadi. Kyaftin biyu ke gabanta, Paul Voulet da Julien Chanoine, waɗanda suka riga suka yi suna wajen cin Wagadugu da ƙasar Mosi a 1896. Turawan cikinta ba su kai goma ba. Sauran duk 'yan Afirka ne: ɗaruruwan sojoji da aka ɗebo daga ƙasashen yamma, ɗaruruwan 'yan dako da aka kamo da ƙarfi, sai mata da bayi da garken dabbobi da aka yi ta kwasowa a hanya. Taro irin wannan babu rijiyar ƙauyen da za ta shayar da shi, babu rumbun da zai ciyar da shi, kuma guzurin da gwamnatinsu ta ba su bai kai ko'ina ba. Garin da ya buɗe ƙofa a kwashe masa hatsi, wanda ya rufe a cinna masa wuta. Tun a Sansanin Hausa, ran 8 ga Janairu, suka kashe fiye da mutum 100, har da mata da yara.

Da bazara ta kankama suka biyo Dallol Mauri, tsohon kwarin nan da ruwa ke kusa da doron ƙasa, suka shigo ƙasar Arewa. Ran 16 ga Afrilu aka gwabza a Lugu. Masu baka da kibiya mai dafi suka tari masu bindigar zamani. Aka ƙone garin, mutane suka watse, runduna ta wuce. Ran 8 ga Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni, inda ta yi kisan da har yau ba a daidaita kan yawansa ba, wasu na faɗin ɗaruruwa, wasu dubbai. Iyakar inda bakuna suka haɗu ke nan. Daga nan kowa ya kama tasa hanya.

Rubutaccen labarin da aka fi komawa gare shi na wani hafsa ne da ke cikin rundunar, Paul Joalland. A 1899 laftana ne mai kula da igwa. A 1930, yana janar, ya fitar da littafinsa Le drame de Dankori. Lugu ba ta samu wuri mai faɗi a ciki ba. A wurinsa Sarauniya tsohuwar matsafiya ce da ta aiko musu da saƙon raini, mutanenta suka shige kurmi mai duhu suka yi ta harbi daga ciki, aka sha wuya kafin a fatattake su. Sai ya kawo lissafi: an harba harsashi wajen 7,000, an kashe wa rundunar mutum 4, an raunata 6.

Wannan lissafi ya cancanci malami ya rubuta shi a allo ya bar yara su zuba masa ido. Babu wani dalilin cewa Joalland ya yi ƙarya a nan. Soja yakan ƙidaya abin da za a tambaye shi a kansa: harsashi kayan gwamnati ne, daga Faransa aka yi dakonsa, kowane akwati sai an ba da bayani, soja ma yana da lamba a rajista. Mutumin Lugu da harsashin ya samu ba ya cikin rajistar kowa. Saboda haka aka san abin da ya fita daga bakin bindiga, ba a san inda ya sauka ba. Yaro mai shekara goma sha huɗu yana iya gane wannan da kansa idan aka tambaye shi: harsashi 7,000, to mutum nawa? Daga nan zai fara fahimtar cewa son rai a rubutu ba dole ya zo da ƙarya ba. Yana iya zuwa da alƙaluma na gaskiya, a jere tsaf, amma na gefe guda.

Sannan akwai tambayar abin da ya sa mutumin ya ɗauki alƙalami, shekara 31 bayan faruwar abin. Amsar tana cikin sunan littafin. Dankori ƙauye ne kusa da Tasawa, kuma abin da ya faru a can ne ya girgiza Faransa. Tun kafin a iso Arewa, Voulet ya kori wani laftana mai suna Peteau daga rundunar. Peteau ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana zayyana ta'asar da ya gani, wasiƙar ta yi ta canza hannu har ta kai teburin ministan ƙasashen mulkin mallaka, Antoine Guillain. Aka umarci Kanar Klobb ya bi sawun rundunar ya karɓi ragama. Klobb bai sha wuyar neman hanya ba, tokar garuruwa da gawawwaki a bakin rijiyoyi suka nuna masa, kuma ya rubuta abin da ya gani a ɗan littafinsa na tafiya, har da 'yan mata ƙanana da aka rataye a bishiya a Koran Kalgo. Ran 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta, ya faɗi matacce. Cikin kwana uku sojojin suka juya wa shugabanninsu: aka kashe Chanoine ran 16, Voulet ran 17, a wajen Mai Jirgi. Joalland na cikin waɗanda suka ci gaba da tafiyar, aka ci Zinder a ƙarshen watan, daga baya shi da Octave Meynier, abokin tafiyar Klobb, suka kai tafkin Chadi, suna cikin rundunonin da suka haɗu a Kusuri inda aka kashe Rabe a Afrilun 1900.

Ke nan mutumin da ya rubuta labarin Lugu yana cikin tafiyar tun daga farkonta har ƙarshenta, ya samu girma da muƙami ta dalilinta, kuma mutum biyun da za su iya musanta shi sun daɗe a kabari. Bukatarsa ita ce a ga akwai aikin soja na gaskiya a cikin tafiyar, a ga laifi na wasu ne. Gwamnatinsa ma haka ta so. Mahaifin Chanoine janar ne, ya riƙe ministan yaƙi a 1898. Wani ɗan majalisa, Paul Vigné d'Octon, ya ta da maganar da ƙarfi a 1900, amma da aka rufe bincike a 1902 sai aka jingina abin da hauka, wai zafin Afirka ne ya taɓa ƙwaƙwalwar kyaftin biyun. Da wannan hukunci aka wanke tsarin gaba ɗaya, aka kuma ci ƙasar da suka share wa hanya. A Paris abin kunyar shi ne Bature ya harbe Bature. Akwai ma wani abin da rahotannin ba su so a tsaya a kai ba: yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu ran 14 ga Yuni 1898 ta bi tsakiyar Dallol Mauri, sannan ta zagaya Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100, abin da ke ciki rabon Ingila ne. Birnin Ƙonni na ciki ƙwarai. Sai da aka gyara iyaka a 1904 da 1906 yankin ya koma hannun Faransa a takarda.

Bayan haka sunan Mangu ya kwanta. A zamanin mulkin mallaka ba a koyar da ita a lakwal, kuma ko bayan samun 'yancin kai a 1960 ba ta fito fili nan da nan ba. Wanda ya tashe ta marubuci ne ɗan siyasa, Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932. Ɗan jam'iyyar Sawaba ne ta Djibo Bakary, wadda ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959. Mamani ya yi shekaru yana gudun hijira, musamman a Aljeriya, ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, ya kuma ɗanɗana kurkuku. A 1980 ya fitar da Sarraounia a Paris. Mutumin da ya rayu haka, ba mamaki idan ya nemi wadda ta ce a'a tun kafin a haife shi.

Sarauniyar Mamani ba tsohuwa ba ce. Mace ce a tsakiyar ƙarfinta, kyakkyawa, wadda aka hora tun tana yarinya da harbi da sanin magani, tana tsara yaƙi, tana gaban mayaƙanta, tana yi musu jawabi kan 'yanci da mutunci, ta ƙi sunkuya wa Sakkwato, ta ƙi sunkuya wa Nasara, sarakuna maza na kewayenta kuwa suna rawar jiki. A 1986 Med Hondo, ɗan asalin Muritaniya, ya mai da littafin fim. Ba a Nijar aka ɗauke shi ba, a Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara aka yi, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma a 1987 ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu, wato Étalon de Yennenga. Daga nan siffar ta bazu. Matar da yawancin 'yan Nijar ke gani a zuci idan an ce Mangu, da baka a hannu da kwari a baya, daga wannan littafi da wannan fim ta fito.

Babu laifi a kan Mamani. Ƙagaggen labari ya rubuta, bai ce kundin tarihi ba ne, kuma ya yi abin da masu digiri ba su yi ba: ya sa ƙasa guda ta tuna da wani ƙauye da aka ƙone. Matsalar tana faruwa ne idan aka kwashe hoton littafin aka zuba a darasin tarihi ba tare da an faɗi inda aka samo shi ba. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Elara Bertho a Faransa, sun bi diddigin yadda 'yan layukan hafsoshin Faransa suka rikiɗe suka zama jarumar ƙasa. Abin lura a nan shi ne, Joalland da Mamani, duk da suna gaba da juna, sun tsaya a fili ɗaya. Dukansu yaƙi suke kallo, dukansu suna auna Sarauniya da ma'aunin soja. Ɗaya ya ƙasƙantar da ita, ɗaya ya ɗaukaka ta, amma babu wanda ya fara da tambayar mece ce sarautar Sarauniya a wurin mutanen da suka naɗa ta.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma ta Lugu daban take. A can Sarauniya ba sunan mace ɗaya ba ne, muƙami ne da aka daɗe ana gada, Mangu ɗaya ce a cikin jerin, kuma sarautar ba ta mutu da ita ba. Ruwayar Gubawa, mutanen da ake ɗauka su ne farkon zama a wannan yanki, tana cewa Sarauniya ta farko daga Daura ta taso, wani dutse mai suna Tunguma na yi mata jagora har inda ya tsaya. Tunguma dutsen shari'a ne, ana zuwa gare shi daga nesa idan magana ta gagara. Idan Sarauniya ta rasu ba majalisa ke zaɓen magajiyarta ba. Ana yin tarkama, a ɗauki gawar, ita ce za ta kai masu ɗauke da ita wurin wadda za ta gaje ta. Wadda aka zaɓa kuwa ta shiga ɗaki ke nan. Zamanta na keɓewa ne, tana kaɗin auduga, tana karɓar masu neman taimako, tana riƙe da alaƙar gari da ƙasa da iskoki domin damina ta yi kyau, annoba ta kauce. Littafin Lougou et Saraouniya, wanda Nicole Moulin da Boubé Namaïwa da Marie-Françoise Roy da Bori Zamo suka fitar tare da ƙungiyar Tarbiyya Tatali, ya tattara irin wannan bayani daga bakin mutanen wurin.

Mai wannan muƙami ba ta hawa doki ta ja daga. Maza ne suka yi harbin, maharba da manoma na Lugu da ƙauyukan kewaye. Nata ƙarfin na asiri ne da na kalma: ita ta ƙi a miƙa wuya, kuma saboda ita mutane suka tsaya a inda wasu garuruwa masu ganuwa suka buɗe ƙofa ko suka gudu. Wasu ruwayoyin suna cewa Nasara ba su taɓa sa ta a ido ba, wasu na cewa ta rikiɗe ta zama damisa ta ɓace. Ko a rubutun hafsoshin babu wanda ya ce ya kama ta. Idan aka duba da kyau, wannan ta fi ta fim ban mamaki: mace da ba ta fita daga ɗaki, amma maganarta ta sa manoma suka tsaya gaban rundunar da ta fi kowace ƙarfi a wannan ƙasa a lokacin.

Sai dai kada yaro ya ɗauka cewa da ya isa Lugu ya isa ga gaskiya tsantsa. Ruwayar baka ma tana da nata gefe. Ba ta riƙe shekara da wata, tana haɗa abin da ya faru a zamanin Sarauniya ɗaya da na wata, kuma akwai abin da ba a faɗa wa baƙo ko da ya kwana goma yana tambaya. Tun bayan fim ɗin kuma baƙi suke zuwa da tambayar da amsarta ke cikinta, suna neman jarumar da suka gani a majigi; mai ba da labari mutum ne, yana iya ba baƙo abin da ya zo nema. Bayan wannan, Arewa ba baki ɗaya gare ta ba. Marc-Henri Piault, wanda ya yi bincike a yankin ya fitar da Histoire Mawri a 1970, ya nuna yadda iko ya rabu biyu a nan: akwai 'yan ƙasa, masu riƙe da al'adar ƙasa irin su Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji, akwai kuma gidajen sarauta na Arawa, masu jingina asalinsu ga Ari, ɗan sarkin Barno da ruwaya ta ce ya auri 'yar Baura, aka haifi kakansu Akazama. Matankari ce tsohuwar mazaunin Sarkin Arewa kafin sarautar ta koma Dogon Dutsi a zamanin Nasara. Gidan da ya ci gaba da mulki a ƙarƙashin Faransa da gidan da aka ƙone ba za su tuna da 1899 iri ɗaya ba. Maroƙin fada yana da wanda yake wa kirari, tsohon Lugu yana da abin da yake karewa. A aji guda a Dogon Dutsi ana iya samun jikokin ɓangarorin biyu a benci ɗaya, abin da ke bukatar malami mai hankali, domin darasin tarihi na iya komawa gorin dangi cikin minti biyar.

Akwai kuma maganar da ake yawan tsallakewa. Mangu ba Musulma ba ce. Yaran da ke karanta labarinta yau kusan duk Musulmi ne, da yawansu sun yi makarantar allo kafin lakwal, kuma sun ji abin da malamai ke faɗa a kan tsafi da bori. Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dogon Dutsi ta rubuta littafi a 2001 kan bori a garin, ta nuna yadda masu tsohuwar al'ada ke ganin an ture su gefe tun da Musulunci ya game kasuwa da mulki. Ga jarumar ƙasa ke nan da ake yabo a bikin gwamnati, alhali abin da ya ba ta ƙarfin tsayawa abu ne da jama'a da yawa ba sa so a ambata. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire mata addininta a bar mata baka da kibiya, kuma haka ake yawan yi. Wannan ma son rai ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Malamin koleji a wannan yanki yana da abin da takwaransa na Paris ba shi da shi, wato shaidun na kusa. Yana iya raba aji, wasu su karanta taƙaitaccen bayanin hafsan Faransa, wasu su ba da labarin fim, wasu su je gida su tambayi kaka. Abin da zai fara cin karo da shi shi ne, yara sun saba ganin abin da aka buga da Faransanci ya fi abin da tsohuwa ta faɗa da Hausa nauyi, don kawai wancan a takarda yake. Wasu kuma, musamman a 'yan shekarun nan, sun koma ɗaya gefen: duk abin da Bature ya rubuta ƙarya ne. Duka biyun ragwanci ne. Ba don wasiƙar Peteau da littafin tafiyar Klobb ba, da musun kisan Koran Kalgo ya yi wa masu musu sauƙi. Ba don tsofaffin Lugu ba, da ba a san wace ce matar da Joalland ya zaga ba. Kowace shaida ana tambayarta wa ya faɗa, yaushe, ga wa, me zai samu, me ya bari.

Adalci a rubutu kuma ba raba gaskiya biyu daidai ba ne. Yaro na iya zaton cewa rashin ɗaukar gefe shi ne ya rubuta cewa wasu sun ce an ƙone Lugu, wasu sun ce ba a ƙone ba. A'a. Ƙone garuruwa da kashe mata da yara a hanyar wannan runduna tabbatacce ne, takardun Faransa kansu sun shaida, wanda ya rubuta shi a fili bai yi son rai ba. Cewa Mangu ta ja daga da kanta, wannan ba shi da shaida a wajen ƙagaggen labari, mai rubutu sai ya faɗi daga ina ya samo. Cewa yaƙin Lugu ne ya karya lagon rundunar har ta kai ga rikicin Dankori, kamar yadda fim ya nuna, wannan fassara ce. Mai ita zai iya kafa hujja da tsoron da ya shiga zukatan sojoji, mai ja da ita zai tuna masa cewa Ƙonni ta faɗi bayan mako uku kacal. Idan ɗalibi ya iya bambance waɗannan ukun a cikin rubutunsa na shafi ɗaya, ya samu abin da manya da yawa masu rubutu a jarida da Facebook ba su samu ba.

Labarin bai daina sauya riga ba. A 2020 fim ɗin African Apocalypse ya bi hanyar rundunar yana jin ta bakin jikokin waɗanda abin ya shafa, amma ta idon wani matashi da ya taso a Ingila. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da ficewar sojojin Faransa daga Nijar, hukumomin Yamai sun ƙirƙiro lambar girmamawa ta diyaucin ƙasa mai sunan Sarauniya Mangu. Gwamnati ma mai ba da labari ce, tana da bukatarta, kuma tambayoyin da aka yi wa Joalland sun hau kanta kamar yadda suka hau kan kowa.

Yaran Tibiri suna da nasu misalin a ƙofar gida, wanda babu Bature mai bindiga a ciki. A 1849 Yakubu Nabame, ɗan gidan sarautar Kabi, ya ta da tutar tawaye a Argungu, Zabarmawa da Dandawa da Arawa suka mara masa baya, aka shafe shekaru ana fafatawa da Gwandu har zuwa sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867. Cikin manyan wannan yaƙi akwai Samna Karfe na Tibiri. A kirarin Arewa gwarzo ne da ya hana a mallake ƙasarsa. A idon malaman Gwandu da Sakkwato, waɗanda su ne ke da alƙalami da tawada a lokacin, shi da abokansa 'yan tawaye ne da suka warware alkawari suka tare hanyoyin Musulmi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa daga Sakkwato zuwa Gwandu zuwa Sayi a 1853, ya tarar da ƙasar a hargitse ya rubuta abin da ya gani, sai dai baƙon sarakunan daular ne, da izininsu yake tafiya, daga bakin mutanensu yake jin yawancin labari. Ɗalibin da ke Tibiri a jihar Doso da ɗalibin da ke Gwandu a jihar Kebbi Hausa ɗaya suke ji, tazarar da ke tsakaninsu tafiyar yini ce a mota, kuma idan aka ba su takarda aka ce kowa ya rubuta abin da ya faru tsakanin 1849 da 1867, sunan wanda ya ci amana ba zai zo ɗaya ba.